Damben Surukai a Bayan Mota

Tun da aka fara naɗa hannu a ƙasar Zamfara, ba a yi damben da ya kai na Balarabe Tabarya na Dakko da Nagode Bahagon Tsibiri ba. A kansa abokai sun ɓata, an fasa ciniki, an taɓa watsewa daga wurin suna ba a raba nama ba. A Bakura akwai dattawan da za su nuna maka daidai inda Bahago ya faɗi. A Maradun akwai waɗanda za su nuna maka inda haƙorin Tabarya ya sauka. Abu ɗaya ne ya ɗan rage wa damben armashi: ba a yi shi ba.

Su biyun matsakaita ne, sun wuce ajin yara, ba su kai ajin ƙattai ba, kuma a wannan tsakiyar babu na ukunsu. An taɓa sa musu rana a Talatar Mafara, wata kaka, shekara hamsin da ɗoriya da suka wuce. Kafin ranar ta zo, Nagode ya nemi auren Baturiya, ƙanwar Balarabe, aka ba shi. Suruki ba ya sa zare da suruki. Haka suka zauna suna gaisawa da ladabi har kowa ya koma ga Allah da haƙoransa cif.

Sai dai sun bar 'ya'ya. Zubairu ɗan Balarabe direba ne. Bana ya sayi tsohuwar motar kaya ƙirar kanta, wadda zai riƙa jigilar shinkafa da ita tsakanin Bakura da Mafara da Maradun. Ranar kasuwar Mafara da hantsi ya kai ta bayan tasha wurin Zaharaddini mai zane, ya ce a zana masa damben a marfin baya: ubansa a tsaye, Bahago a kwance. Kafin a buɗe gwangwanin fenti labari ya isa layin 'yan shinkafa, inda Ummulkhairi 'yar Nagode da Baturiya take da rumfa. Ta bar wa maƙwabciyarta tsaron buhuna, ta gyara mayafi, ta taho. Ba sauri take yi ba.

"…da gida, da iyali, da gajiyar hanya?" in ji ta.

"Lahiya lau, alhamdu lillahi," in ji Zubairu. "Ya Tsibiri? Ya Goggo da ƙarhin jiki?"

"Da sauƙi, tana gaishe ka. Ya yara?"

"Lahiya."

"Madalla. Ya haukan?"

"Wane hauka?"

"Wanda yas sa ka sayi wannan. Tun daga rumhwa nij ji ana cewa Zubairu ya yi mota. Na zo in yi barka, sai nit tarad da kurar ruwa da anka sa ma inji."

"Baiwa, in gaida ubangijinki kiz zo yi, gaishe ni da ladabi. In wankin mota yak kawo ki, ga bokiti can."

Taubasai ne: Zubairu ɗan namiji ne, ita 'yar mace, saboda haka tun suna wasan ƙasa yake kiranta baiwa. Yanzu tana da jikoki huɗu da mata shida masu turara mata shinkafa, amma bai ga dalilin sake mata suna ba.

Ta zagaya bayan motar ta tsaya. Zaharaddini ya riga ya shata hoton da alli. Ta daɗe tana kallo, kamar mai duba buhun da take zargin an haɗa da tsakuwa.

"Malam mai zane, sannu da aiki. Wannan da ke shimhiɗe awa shanyar barkono, wa na?"

Zaharaddini ya dubi Zubairu, ya dubi allin da ke hannunsa. "Hajiya, ni abin da anka ce mani shi nis shata."

"Ubanki na," in ji Zubairu. "Ba mu da hoto nai, amma tunda kin zo an huta. Zaharaddini, dubi huskarta ka ƙara gemu. Ko ma bari, ba sai ka ƙara ba."

"Na gode. Shi kuma wannan mai tumbi da yat tsaya bisa kai nai, mai ciki wata nawa ta?"

"Ƙirji na."

"A Dakko ƙirji ƙasan cibiya yake?"

Wasu 'yan kamasho da ba su da fasinja suka matso, suka jingina da mota kamar inuwa suka zo sha.

"Ki bar zane, mu yi batun dambe," in ji Zubairu. "Da an yi shi, ba a kai ƙarshen turmin hwarko. Babana hannu guda garai, bai taɓa neman na biyu ba. A Janbako ya buge mutum ranar kasuwa, bai hwarka ba sai wata kasuwar."

"Na san labarin. Mai kalangu na. Kawu ya kai ma ɗan dambe, ɗan dambe ya kauce, makaɗi yat tare da haɓa. Shi yas sa har yau in ana biki gidanku makaɗa bayan katanga suke tsayawa."

"Ƙarya ta."

"Ɗiyan makaɗin suna nan Janbako, duk tela sunka zama."

"Ko makaɗi na, ai dai ya kwana bakwai. Wannan hannun shi ke jiran ubanki."

"Zai daɗe shina jira. Kawu Balarabe in ya ɗaga hannu, mutum na iya zuwa shi sha hura, shi kurkure baki, shi dawo kahin hannun shi sauko."

"In ya sauko hwa?"

"Sai shi sauka inda babana yat tsaya jiya."

"Gudu ke nan. Ke ma kin hwaɗa da bakinki. Hwagen dambe na, ba sukuwar jakkai ba. Ubanki shi ta zagaye har alƙali shi yi juwa, 'yan kallo su tahi sallar la'asar su dawo shina nan shina zagaye."

"Kauciya sunanta. Ku mutanen Dakko ba a koya maku ita ba, duka kuke tara da huska awa masu karɓar sadaka. Shi yas sa duk danginku hanci kwance."

Hannun Zubairu ya ɗan tashi zai nufi hancinsa, ya mayar da shi aljihu.

"Hancin gado na," ya ce. "Kuma babana ya hi ubanki nauyi da cinyar sa guda."

"Nauyin tuwo. Ba shi na anka tsaida dambe a Bakura ana jira shi gama akushi ba?"

"Jarumi sai da ci. Ubanki kuwa layun da yake ɗaurawa sun hi shi nauyi. Da an kwance mai su an aza shi sikeli, ajin yara za a kai shi, shi dambata da masu tallan gyaɗa."

"Shi dai nashi layu na gaskiya. Naku guda ɗaya garai, yana ta cika baki da ita shekara talatin. Da anka buɗe ta bayan rasuwa tai, mi anka samu ciki?"

"Asiri."

"Takardar allurar shanu."

"To kin gani. Shekara talatin ko mura bai yi ba."

Ɗaya daga cikin 'yan kamashon ya yi dariya har ya ƙware. Zubairu ya ji ya ci wannan, sai ya tuɓe hula ya aza a kan taya, ya naɗe hannun riga.

"Bari in nuna maki yadda za ta kasance. An buga kalangu. Babana ya shigo, ga garkuwa nan gaba, ga mashi nan baya." Ya miƙa hannun hagu, ya ja na dama can bayan kunne, ya buɗe ƙafafu. "Ubanki ya hwara rawar tashi, hagu, dama, hagu. Babana bai motsa ba. Shina kallo nai awa yadda mahauci ke kallon ɗan akuya. Ya bari ya gaji. Sai ya matso taki guda, sai…"

Ya juya da ƙarfi zai kai naushi, ƙugunsa ya ce bai san zancen ba. Ya tsaya a karkace, hannu a sama, yana numfashi a hankali.

"Sai mi?" in ji Ummulkhairi. "Ci gaba, ina saurare. Ko nan ma turmi ya ƙare?"

"Ina nuna maki ne a hankali don ki gane."

"Na gane. Haka Kawu yake tsayawa, sak. A daidai nan babana ke shigowa ta hagu, inda ba ku taɓa sa mai gadi ba. Guda ga haƙarƙari don shi gaishe shi. Guda ga kunne don shi ji da kyau. Na ukun ba don mugunta ba, don mutane su samu su koma gida da wuri."

Zubairu ya miƙe da dabara, ya dafa mota, ya mayar da hularsa. Ya ga dai ta fuskar dambe ba za a gama yau ba, sai ya ɗauko abin da ya daɗe yana ajiya.

"To bari in tambaye ki abu guda, ki amsa gaban mutane. An sa rana. Saura kwana tara. Mi yak kai ubanki ƙohwar gidanmu da ƙwaryar goro? Duk 'yan matan Tsibiri sun ƙare? Duk na Maradun sun yi aure? Mutum ya hangi abin da ke tahe, ya duba gabas, ya duba yamma, bai ga mahita ba sai surukuta. Ita ta kauciyar da tah hi kowace tsawo tun da anka hwara dambe: shekara arba'in da ɗiya tara. Ke kanki, Ummulkhairi, tsoro yah haihe ki."

'Yan kamasho suka dubi Ummulkhairi. Ta gyara zaman jakarta a kafaɗa.

"Ka gama?"

"Na gama."

"To wa yab ba shi? Ka taɓa jin an kai goro da hantsi an amsa kahin azahar? Kakanmu ma ba shi gida, ya tahi sayen shanu. Kawu Balarabe shi yat tsaya ƙohwar gida yak karɓi ƙwaryar da hannu biyu, har da naɗaɗɗen. Ba a yi bincike ba, ba a tambayi asali ba, ba a ko tambayi Inna ba sai da yamma, Allah ya sa dama tana so. Wasu da akuya suke sadaka su tsira. Kawuna da ƙanwa yay yi."

"Karamci na. Gidanmu ba mu maida baƙo."

"Ranar ɗaurin aure an ce shi yah hi ango murna."

"Don ya rabu da mai yi mai ƙorahin wanki."

"Don ya rabu da hannun hagu."

Zaharaddini ya ɗaga gwangwanin jan fenti, ya girgiza shi, ya ajiye. Ya fara tunanin da ya karɓi aikin zanen zaki da aka kawo masa da safe, da yanzu ya kai wutsiya.

"Duk wannan zance na," in ji Zubairu. "Mota tawa ta, marhi nawa na. Zaharaddini, zuba henti."

Ummulkhairi ba ta ɗaga murya ba. Ta matsa kusa da shi, inda 'yan kamasho sai sun miƙa wuya za su ji.

"Zubairu, motar nan sau nawa za ta ratsa Tsibiri a mako?"

"Biyu. In kaya sun yi yawa, uku."

"Ta gaban gidan wa?"

Zubairu ya dubi shatar allin. Hanya ɗaya ce a Tsibiri da mota za ta iya bi, kuma kowa ya san wadda ke zama a bakin zaure kan tabarma bayan la'asar tana tsinkar zogale.

"Inna ba ta gani sosai yanzu," in ji Ummulkhairi, "amma jikoki na gani, kuma ba su iya riƙe baki ba. Shekara goma sha biyu tana yi ma babana addu'a kullum. Sai ta ji an ce ga shi can kwance bayan mota, ana yawo da shi ƙaramar hukuma uku, ƙura na bin shi. Ni kuma in tsaya gaban matan da ke yi mani aiki in ce a ɗora buhu bisa ubana."

"Wasa na, ke ma kin sani."

"Na sani. Wasan baki iska ke kwashe shi. Wannan henti na mai."

Zubairu ya sosa gemu. Bai shirya sauka ba tukuna, musamman da mutane a wurin.

"Goggo ƙanwar Tabarya ta kahin ta zama matar Bahago. Murna za ta yi."

"Haka kac ce? To na yarda." Ta juya. "Malam mai zane, zana shi kwance. Ka ƙara mai jini ga baki in kana da ja mai kyau. Amma akwai wuri nan ƙasa, ka rubuta mani da manyan baƙaƙe: Wannan shi na mijin da Balarabe yaz zaɓa ma ƙanwa tai. Ni ke biyan rubutun."

"Ba a rubuta wannan."

"Don mi? Ƙarya ta?"

"Ba ƙarya ba ta, amma…"

"Abu biyu na, zaɓi guda. Ko Kawu jarumi yab ba ƙanwa tai, ka tashe shi tsaye. Ko rago yab ba, kowa ya sani daga Bakura har Maradun cewa gidanku rago ake ba ɗiya. Kana da 'yan mata uku ba su yi aure ba. Ragwaye na da yawa, za su ji daɗin labarin."

Wani daga cikin 'yan kamashon, wanda bai yi aure ba, ya gyara wuyan rigarsa.

"Ke dai baiwa ba ki da kunya," in ji Zubairu.

"Gadon wajen uwa na." Ta buɗe jaka ta fito da waya. "Ko mu bar ma Inna ta raba. Ita kaɗai ta san su su biyun, ta wanke ma wannan warki, ta wanke ma wancan. Ka hwaɗa mata da bakinka wanda kas sa a kwantar."

"Bar Goggo ta huta."

"Ba ta barci da hantsi."

"Babu sabis Tsibiri."

"An gyara. Ga shi tana shiga."

Wayar ta yi ƙara sau ɗaya. Zubairu mutum ne da ya bi hanyar Janbako da damina da lodin albasa, bai taɓa juyawa ba. Amma Goggo Baturiya ce ta yi masa wanka yana jariri, kuma har gobe in ta kira shi da cikakken sunansa sai ya duba ko hularsa na zaune daidai. Wayar ta yi ƙara na biyu. Ya sa hannu ya rufe ta, ya fashe da dariya.

"Kashe, kashe. Allah ya isa tsakanina da ɗiyan mace. Zaharaddini, goge."

"In goge duka?"

"Tashe shi. Su tsaya su biyu, hannu sama, ido cikin ido. Turmi uku, babu kisa."

"Ka ji ubangijin kirki," in ji Ummulkhairi. Ta mayar da wayar jaka. "Da ma lambar mai niƙa nik kira."

"Na sani. Tausayin mai niƙa nij ji."

"To saura girma. Malam mai zane, kada ka yi mani ubana awa ɗan tsana. Kai nai kada shi gaza hwaihwai. Wanda ke bin motar daga nesa shi gane Bahago na."

"Na babana shi hi hwaihwai," in ji Zubairu.

"Daidai da daidai. Ko yatsa guda kada wani shi hi wani."

"To daidai. Amma ƙirji a cika shi. Da damtse."

"Da layu, duka goma sha ɗaya."

Zaharaddini ya aza hannu a marfin yana aunawa da taƙi. "Ai marhin nan tsawo nai…"

"Kai dai yi abin da anka ce," suka faɗa tare. Wannan ne karo na farko a ranar da bakinsu ya zo ɗaya, kuma su biyun ba su ji daɗin hakan ba.

Ummulkhairi ta ja shi zuwa rumfarta, ta auna masa tiya biyu ta shinkafa mai kyau, wadda ba ta sayar wa kowa sai wanda ya san da ita, ta ƙulle a leda.

"Kai ma matarka. Ladan haƙurin zama da kai na."

"Baiwa ta kawo gaisuwa, an karɓa."

"Jibi ka zo Tsibiri da sahe, buhu arba'in gare ni. In kurar ta iya hawa gangare."

"Ke za ki tura."

Bayan la'asar suka koma bayan tasha tare. Zaharaddini ya gama, yana wanke burushi da kananzir, fuskarsa cike da gamsuwar wanda ya fita kunya. Aikin ya yi kyau, babu mai musu. Ga Tabarya a dama, ga Bahago a hagu, kawuna kamar faifai, ƙiraza kamar ƙofar rumbu, hannuwa a naɗe a sama, layu goma sha ɗaya ba ɗaya da ta ɓace. Ko yatsa ɗaya wani bai fi wani ba. 'Yan kamasho sun taru sun fi na safe yawa.

Marfin kamu biyu ne tsayinsa. Mutum mai kai kamar faifai ba ya shiga kamu biyu da ƙafafunsa a miƙe. Zaharaddini, wanda ya ƙware a zaki da mikiya da jirgin sama amma bai taɓa tsayawa kallon dambe ba, ya warware matsalar yadda ya ga ta fi sauƙi: ya lanƙwashe musu ƙafafu. Ya ja layin ƙasa da ruwan ƙasa-ƙasa, har da 'yar ƙura don ƙawa. Rana ta yi zafi sosai ranar, fentin ya riga ya kama.

Gwiwar Tabarya tana ƙasa. Ta Bahago ma tana ƙasa. A dambe, duk wanda gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi.